Shirun Dunlap

Shekara huɗu Garrick Dunlap yana cikin ƙungiyar ƙwallon makarantar hafsoshin soja, ƙwallon nan ta Amurka da ake jefawa da hannu ana ka da juna, amma ko sau ɗaya takalminsa bai taka fili ranar wasa ba. Aikinsa kwaikwayo ne. Duk Litinin sai a miƙa masa riga mai launin makarantar da za a kara da ita, ya zama mai jefa ƙwallonsu a wajen atisaye, manyan 'yan wasa su yi ta maka shi da ƙasa har su gane salon abokan gaba. Ranar Asabar kuma ya zauna a benci da rigarsa tsaf, yana kallon Emmett Rourke.

Rourke abokin ɗakinsa ne, shi ne kuma mai jefa ƙwallon ƙungiyar na gaske. Tare suka sha tsawar manya a shekarar farko, amma yanzu sunan Rourke ake bugawa a jarida. Abin da ya fi ƙona wa Dunlap rai, yaron ba shi da girman kai ko kaɗan. Da mugu ne ai da an huta, mutum ya ƙi shi hankali kwance.

Saboda tsabar hassada Dunlap ba ya ɗauke ido daga kansa, har ya ga abin da koci da duk na'urorinsa ba su gani ba. In Rourke zai yi jifa mai nisa, sai ya goge hannunsa sau biyu a ɗan tawul ɗin ƙugunsa. In gudu za a yi da ƙwallon, ba ya taɓa shi. Dunlap ya ja bakinsa ya yi gum.

Saura wasa ɗaya su gama makaranta, na karawa da sojan ruwa. Mahaifin Dunlap zai tuƙo tsohuwar motarsa tun daga Nebraska, shi kuwa ba abin da yake so a duniya irin tsohon ya gan shi a cikin fili, ko na minti ɗaya.

Ranar Alhamis da rana suna goge takalman fareti, Rourke ya ɗago kai.

"Kai sojan ruwan bogi, ka fi uwata sa mini ido. Akwai abin da nake yi ba daidai ba?"

Dokar makarantar ba ta wasa: ɗalibi ya yi ƙarya, sai kora. Dunlap ya ci gaba da murza tsumma.

"Akwai mana. Minshari. Shekara huɗu ban yi barcin kirki ba."

Rourke ya tuntsire da dariya ya jefe shi da burushi. Ai ba ƙarya aka yi ba, in ji Dunlap a ransa. In sojan ruwa ba su lura ba, ba a yi asarar komai ba. In sun lura, Rourke ya ɓata jifa biyu uku a fitar da shi, wataƙila layi ya zo kansa shi Dunlap.

Ranar wasa ta zo, ashe sun lura. Duk lokacin da hannun Rourke ya taɓa tawul, sai su taso masa gaba ɗaya kamar an ɓalle garke. Rourke ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, bai san ta ina ake karanta shi ba. Can wajen ƙarshe ƙarti uku suka haɗu a kan gwiwarsa, gwiwar da yake shirin dirowa daga jirgin sama da laima da ita bayan yaye su. Daga benci Dunlap ya ji ihunsa.

Koci ko kallon Dunlap bai yi ba, ya tura wani ɗan aji biyu. Saura minti biyu, an ba su ratar da ba ta kamuwa, sai ga Rourke ya ƙwace daga hannun likitoci yana dogara sanda.

"Koci, don Allah sa Dunlap. Shekara huɗu yana shan duka saboda mu. Babansa na can sama."

Koci ya daka tsawa: "Dunlap! Hularka!"

Rourke ne ya ɗauko hular kwanon da hannu ɗaya ya kifa masa a kai, fuskarsa duk gumin azaba.

"Je ka, ɗan banza. Kar ka ba ni kunya."

Dunlap ya ruga fili. Bai iya ɗaga kai ya nemi mahaifinsa a cikin taron ba. Da ya waiwaya gefen fili, sai ya hangi Rourke tsaye da ƙafa ɗaya yana kaɗa sanda, yana murna da dukkan zuciyarsa. Kunya ta rufe Dunlap, amma haushin bai tafi ba, don ko daɗin wannan minti biyun ma Rourke ne yake ji, ba shi ba.