Bunsurun Dutse da Tiren Shayi

Shekara tara ke nan Kubanich yana kula da kwarin da ke sama da tafkin Isik-Kul, inda mutanen farko suka sassaƙa dabbobi a jikin duwatsu. Aikinsa ya zaga bisa doki, ya gyara shinge, ya hana mutane taɓa zanen. Ranar nan da tsakar rana ya hango kekuna biyu jingine da shinge, ga wani dattijo durƙushe gaban babban dutsen yana kwance ƙullin man shanu. Matarsa na tsaye ta riƙe ƙugu.

Kubanich ya sauka, ya gaida dattijon da hannu biyu.

"Sannunku da hanya, Baba. Daga ina?"

"Kwana huɗu muna taka keke," in ji matar, Burul. "Wai hutu! Ni gwiwoyina ba su ji labarin hutun ba."

"Rabu da ita, ɗana, ita ke wuce ni a kowane hawa," in ji dattijon, mai suna Toktosun.

Ya ce yana yaro ya yi kiwon tumaki a nan. Kakansa ya nuna masa zanen wani bunsurun dutse mai dogayen ƙahoni a jikin wannan dutsen, ya shafa masa man shanu don girmamawa, sai zanen ya fito yana ƙyalli. Yanzu idonsa na dushewa, likita ya ce ba zai gyaru ba. So yake ya sake ganin bunsurun tun yana iya gani. Ga shi ya iso, dutsen baƙi ƙirin, babu komai.

Kubanich ya ji nauyi ƙwarai. Hana dattijo abin da kakansa ya yi ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya san mai yana shiga dutsen ya ɓata fatarsa, zanen ya riƙa ɓarewa. Ya kuma san da hantsi ko da yamma kawai zanen ke fitowa, lokacin da haske ke zuwa a karkace, ga hadari yana haɗowa daga yamma, ba damar jiran hasken la'asar.

"Baba, ka yi mini aikin gafara, man nan ba zai taɓa dutsen ba. Amma ka ba ni minti goma."

"To ka ji," in ji Burul. "Tun a gida na ce maka a burodi ake shafa shi."

Kubanich ya sukwani doki zuwa bukkarsa, ya dawo da tiren shayin matarsa mai ƙyalli, ya goge shi da hannun riga. Ya matsa gefe, ya tsuguna, ya tari rana da tiren, ya karkata hasken a hankali har ya kwanta a fuskar dutsen. Inuwa ta cika kowane rami na sassaƙar. Ƙahonin suka fara fitowa, sannan wuya, sannan ƙafafu.

Toktosun ya matso har hancinsa ya kusa taɓa dutsen.

"Burul," ya ce, "ashe akwai ɗan ƙarami a bayansa. Ban taɓa ganinsa ba."

"Da ka shafa mai, da ya rufe shi," ta ce a hankali, ta dafa kafaɗarsa.

Kubanich bai motsa ba sai da gajimare ya rufe rana. Suka koma bukka kafin ruwan ya sauko, Burul ta yanka burodi, ta shafe man duka.