Ranar Da Tiyo Ya Kama Shugaba

A makarantar nan an mai da kimiyya karatun aku. Malam Ku-Rubuta, wanda abin da ya fi faɗa a aji ya zame masa suna, yana yi wa yara shifta daga takardun da suka girme su, kuma babu wanda abin ya dama sai sabuwar malama, wadda ake kira Auta. Ta addabi Shugaban makarantar har ya yarda ta gwada darasi ɗaya a aikace. Sharaɗi: in yara ba su gane ba, ta koma shifta kamar kowa, ta bar masa ofis ya huta.

Auta ta tsayar da katako mai huji a gaban aji, ta ce shi ne bangon ƙwayar halitta. Ta jawo dogon tiyo da ta ɗiɗɗiga wa gam, ta ce sabon furotin ke nan, sinadarin gina jiki, dole ya naɗe daidai ya zauna cikin bango. Wuraren gam su ne sassan da ba sa ga maciji da ruwa. In an bar su, sai su manne wa duk abin da suka samu, a yi curi marar amfani. Irin wannan curi, ƙwaya kan gwada warware shi, in ya ƙi ta niƙe ta zubar. Shi ya sa ƙwaya take da 'yan rakiya, masu rufe sassan, su kai furotin bango, ya naɗe, su sake shi. Ta sa wa wasu yara safar hannu ta leda mai maiƙo, su zama 'yan rakiya.

Malam Ku-Rubuta, da ya zo kallon faɗuwarta, ya ce tun kafin a yaye ta yake koyar da wannan. Ya cafki tiyo da hannu tsirara don ya nuna mata yadda ake naɗi. Hannu ya zauna a gam. Ya sa ɗayan, shi ma ya zauna. Shugaba, da ke zaune a gefe yana kallo, ya taso ceto, tiyo ya kama masa hannun riga, ya ja baya ya kwaso labulen taga, labule ya kwaso dastar goge allo.

Auta ta juya ga yara, ta tambaye su me suke gani.

"Curi, Malama," in ji wata daga baya. "An taɓa furotin babu rakiya."

Ta tambaya yaya ƙwaya take yi da curi. Ajin ya amsa baki ɗaya cewa a kan gwada warware shi, in ya ƙi a niƙe a zubar.

"A fara da warwarewar, 'ya'yana," in ji Shugaba daga cikin labule.

'Yan rakiya suka shiga aiki, da safa da kananzir. Da Shugaba ya fito, hannun riga ɗaya babu, ya ce yara sun gane, har sun so su wuce gona da iri. Ya ce Auta ta ci gaba da darasinta, amma a rage gam, kuma kada a sake gayyatarsa.

Malam Ku-Rubuta ya dubi dastar da ke manne a tafinsa, ya dubi yara.

"To, me kuke jira? Ku rubuta."