Hatsin da Aka Watsa Ranar Waliyyi Istifanus

Ba a raina Leokadia a kwana lafiya, kowa a ƙauyen Olszanka ya san haka. Sai ga shi cibiyar inganta iri ta fitar da sabon hatsin ots, ɗan'uwan alkama, wanda tsatsar ganye ba ta kama shi, wai za a raɗa masa suna Gasior, don Hieronim Gasior, maƙwabcinta, shi ya kai musu tsabar da suka yi aiki da ita. Hieronim, da ko kabejin kirki bai taɓa nomawa ba. Baƙin ots ɗin nan na mahaifiyarta ne, Apolonia, wadda ta ɓoye shi cikin matashin kai lokacin yaƙi.

Ta tsallaka shinge ta same shi yana faskare.

"Ɓarawon rumbu, jikan ɓarayin rumbu."

"Sannu da zuwa, uwar masifa," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Je ki tambayi hatsin, in yana da baki."

Ta ko je. Ta ƙulle tsabarta a ɗankwali, ta hau motar gari, ta dire ƙullin a teburin Dakta Ilona, mai binciken da ta haɗa sabon irin.

"'Yar nan, sunan uwata za ki sa, ko in kwana a ƙofar nan."

"Zauna, Mama Leokadia. Ba a shigar da sunan ba tukuna. Bari mu karanta naki mu karanta nasa."

"Karanta me? Ni ban yi boko ba, amma na san hatsi ba takarda ba ne."

Da ta koma bayan 'yan makonni, Ilona ta zaunar da ita gaban kwamfuta. Haruffa ne iri huɗu kacal suke gangarowa kamar ruwan sama, ba su da niyyar ƙarewa. Ilona ta ce wannan shi ne DNA, rubutun halittar da ke cikin kowace ƙwaya, kuma na ots ya ninka na ɗan Adam fiye da sau uku, don ciyayin daji uku ne suka haɗu tun fil azal suka zama shi.

Leokadia ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a tafin hannu. Abin da take watsa wa kaji, take dama wa jikoki. Ta daɗe tana kallonta, har ta ji nauyinta.

"Duk wannan a cikin nan?"

"Duka. Ga wurin da ke korar tsatsa. Yana cikin naki, yana cikin na Hieronim, harafi da harafi."

"To, kin ga sata."

"Tsaya ki ga saura." Ilona ta fito da layuka masu launi. A cikin ots ɗin Leokadia akwai guntun da ya fito daga gonar Gasior, akwai na gidaje biyu na bakin rafi, akwai wani ma da ba a samunsa sai a hayin duwatsu. "Ots kansa yake yi wa barbara, da wuya ya auri na kusa da shi. Kafin ya cakuɗe haka, sai an yi zuriya bayan zuriya ana shuka su a kunya ɗaya. Na rasa yadda aka yi."

Leokadia ta gyara zama. Ita ta san yadda aka yi. Washegarin Kirsimeti, ranar Waliyyi Istifanus, kowane gida kan kai ots coci a sa masa albarka, sannan a yi ta jifan fada, limamin cocin, da shi, a jefi juna, samari su auna 'yan mata. In an dawo gida, Apolonia takan kwance ɗankwali, ta kakkaɓe wuyan riga da aljihun 'ya'yanta, ta zuba abin da ya faɗo cikin buhun iri, don mai albarka ba a zubar da shi. Uwar Hieronim ma haka take yi. Ita kanta Leokadia bara ta yi.

Ta sake duban layukan. Ga mutanen da ta binne da hannunta, ga waɗanda suka mutu ba ta yi musu magana ba, duk suna kwance cikin ƙwaya ɗaya, kuma ba wanda ya rasa wurinsa.

"Wa ya fara samun mai korar tsatsar?" ta tambaya a hankali.

"Hatsin bai faɗa ba."

"Munafuki," in ji ta, amma ta mayar da ƙwayar cikin ɗankwali kamar mai kwantar da jariri. "To, goge Gasior. Kada ki sa Apolonia, ba za ta karɓi abin da ba nata ita kaɗai ba. Sa Olszanka."

"Sai Hieronim ya yarda."

"Zai yarda. Shekara saba'in yana jifana da hatsin uwata, bana a ido zan auna shi."