Tayar Gaba

Tun kafin su shiga Maƙarfi sitiyari ke jan Inuwa zuwa hagu, shi kuwa sai ƙara damƙe shi yake yi kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Ya san dalili sarai. Da safe matarsa Hajo ta ce tayar gaba ta yi laushi, ya ɗan shuri tayar da ƙafa, ya ce garau take. Wai shi gwani.

A gefensa surukinsa ne, Malam Maiturare, cikin farar babbar riga, yana jan carbi. Shi ne waliyyin amarya a auren da za a ɗaura a Kudan bayan sallar Juma'a, kuma sai ya isa za a ɗaura.

Ga mai faci nan a bakin hanya, injinsa na ta ƙugi. Inuwa ya sassauta gudu. To amma ta ina zai fara? Ya ce wa uban matarsa ya ɗauko shi a motar da bai ko sa wa iska ba? Shi da ko ruwa ba ya iya sha a gaban Malam! Kunya ta ɗaure masa baki, ya taka mai ya wuce.

Ba su yi wani nisa ba, a tsakiyar gonakin rake, tayar ta ɗau zafi ta fashe. Mota ta yi tangal-tangal, da ƙyar ta tsaya a gefen kwalta. Inuwa ya buɗe but ya jawo safaya, ita ma lakwas, ba iska. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Daga wani ƙauye aka soma kiran salla. Wayar Malam sai ƙara take, yana ta cewa, "Ga mu nan tafe, a ƙara haƙuri."

Inuwa ya tare wani ɗan acaɓa, sannan ya zube ƙasa a gaban Malam.

"Baba, a gafarce ni. Na san tayar tana son iska. Nauyin tsayar da ku na ji."

Malam ya tattare rigarsa ya hau bayan babur yana cije baki, don ya daɗe da barin hawa saboda ciwon gwiwa. Bai dubi Inuwa ba, raken yake kallo.

"Tun a ƙofar gida a Ikara na ga ta kwanta," ya ce a hankali. "Ni ma nauyin faɗa maka na ji."

Inuwa na durƙushe har farar rigar ta ɓace. Sannan ya miƙe, ya garo safaya, ya nufi wurin mai facin da ya wuce ɗazu.