Sunan Da Inno Ba Ta Faɗa

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya aka sa Kofur Ɗanjuma ya cire lambar yabonsa a gaban jama'a. A Funtua abin ya faru, tsofaffin sojoji sun jeru cikin kakinsu da ya koɗe, masu busa sun fara gwada ƙahonsu. Sabon shugaban taron, wani tsohon hafsa da bai daɗe da dawowa gida ba, ya ce a bana sai kowa ya nuna littafinsa na sallama, domin an gaji da masu sayen lamba a kasuwa suna maƙalawa a ƙirji. Da ya iso kan Ɗanjuma ya buɗe littafin, ya dubi lambar, ya sake duban littafin.

"Kofur, littafinka bai nuna ka taɓa ƙetare iyakar ƙasar nan ba. Ina ka samo lambar Saliyo?"

Ɗanjuma ya zaro takardar shaidar lambar daga aljihu ya miƙa. Hafsan ya karanta, ya girgiza kai. A littafin an rubuta Abdulrahman Sadiq, a takardar kuma Danjuma Maska. Ya ce waɗannan mutum biyu ne, kuma har sai an tabbatar mutum ɗaya ne, a yi haƙuri a cire. Bai ɗaga murya ba, amma duk wanda ke layin ya ji. Ɗanjuma ya sa hannu ya ɓalle lambar da kansa, ya hau babur ɗinsa ya koma garinsu Maska tun ba a fara faretin ba.

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce ai lamba ƙarfe ce. Ƙarfe ce kam. Amma a garin da ake zama majalisa ɗaya tun ana yara, abin da aka cire masa ba ƙarfe ba ne. Kafin la'asar labarin ya riga shi zuwa teburin mai shayi, kuma waɗanda suka sha sauraron labarin dajin Saliyo daga bakinsa suka fara cewa da ma su sun yi shakka. Har ƙarfen da ke cikin cinyarsa, wanda ke hana shi durƙusawa sosai a salla, wani ya ce wa ya sani ko faɗuwa ya yi a babur. Ɗanjuma ya daina zuwa majalisa. Daga gida sai gona, daga gona sai masallaci, a can ma sahun baya yake tsayawa.

Yadda aka yi mutum ɗaya ya zama biyu ba wani abin ɓoyo ba ne. Shi ne ɗan farin mahaifiyarsa Inno, kuma ranar suna aka raɗa masa Abdulrahman, sunan kakansa na wajen uba. Kunya biyu ke nan ta hau kan Inno: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kuma kiran sunan suruki. Da yake ranar Juma'a ya zo duniya sai gidan ya bi Ɗanjuma, gari ma ya bi. Makarantar firamare ce kaɗai ta rubuta Abdulrahman Sadiq, da takardarta kuma ya shiga soja. A Saliyo, inda aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya, 'yan tawaye suka afka wa sansaninsu, wuta ta cinye tantin takardu. Ranar ce Ɗanjuma ya koma cikin ruwan harsashi ya goyo abokinsa Raufu, ya kawo shi bakin motar asibiti, sannan shi ma harsashi ya same shi a cinya ya faɗi. Da aka zo sake rubuta sunayen mutane da baki, Ɗanjuma na kwance bai san inda kansa yake ba. Aka tambayi Raufu wa ya ɗauko shi, ya ce Ɗanjuma ne, mutumin Maska. Haka magatakarda ya rubuta, haka lambar ta fito.

Raufu Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan gishiri, kuma tun da ya bar soja yake sayar da kayan gyaran injin niƙa a bakin kasuwa. Da ya ji abin da aka yi sai ya rufe shago ya ɗingisa har Maska. Ya tarar da Ɗanjuma a zaure yana ɓarzar masara.

"Wallahi ni na ja maka," in ji shi. "Shekara nawa muna tare, ban taɓa sanin kana da wani Abdulrahman ba. Kai ma dai da ɓoye suna kamar mai gudun haraji."

"Ba ɓoyewa na yi ba, Raufu. Ba mai kirana da shi ne."

Raufu ne ya tsaya kai da fata. Ya sa aka rubuta takardar koke zuwa ofishin da ke riƙe da bayanan tsofaffin sojoji, ya je kotu ya yi rantsuwa cewa wannan mutumin ne ya goya shi. Rani ya wuce, ruwa ya sauka, aka yi shuka, har aka yi noman farko, sannan amsa ta zo. Ba su ƙi ba. Sun ce sun ga Danjuma Maska a jerin waɗanda suka je Saliyo, sun ga lambarsa, amma shaidar Raufu ta tabbatar da Ɗanjuma ne kawai, tunda shi da bakinsa ya ce bai san ɗaya sunan ba. Suna son wani daga cikin iyaye, ko wanda ya halarci raɗin suna, ya tsaya gaban kotu ya faɗi sunan yankan da bakinsa, ya rantse cewa mai wannan suna shi ake kira Ɗanjuma. In an yi haka za a haɗe sunayen biyu, a fitar masa da sabuwar takardar sallama.

Ɗanjuma ya zauna yana lissafin waɗanda suka ci tuwon sunansa. Mahaifinsa ya rasu, baffanninsa sun rasu, limamin da ya raɗa sunan da wanzamin da ya yi askin duk ƙasa ta rufe musu ido. Inno kaɗai ta rage, tana can ɗakinta na ƙurya, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau.

"To ai shi ke nan, an gama," in ji Raufu. "Mu ɗauki Inno mu kai ta."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ko Ɗanjuman ma sai ta rasa yadda za ta yi. 'Kai' take ce min. In tana ba wani labarina sai ta ce 'mai sunan Malam'. Yanzu da tsufanta in kai ta gaban baƙi in ce ta yar da kunyarta saboda ƙarfe?"

"Saboda mutuncinka dai."

"Nata fa?"

Ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin katifa, ya ce maganar ta mutu. Amma maganar ba ta mutu a cikinsa ba. Ya rame, tuwo ya daina shiga, yana tsakiyar gona sai ya tsaya da fartanya a hannu yana kallon waje ɗaya. Abin da ke cinsa shi ne shekarun nan na Saliyo, da mutanen da ya binne da hannunsa a ƙasar da ba tasu ba, duk an kwashe an ba wani mutum da babu shi a duniya, shi kuma an bar shi da sunan maƙaryaci.

Matarsa Hajjo ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ita ta kai wa Inno labarin. Wata safiya yana gyaran garma a tsakar gida sai ya ji sandar Inno tana taɓa ƙasa a bayansa. Ta sha lulluɓinta na zuwa unguwa.

"Kai, nemo mana mota. Funtua za ni."

"Inno, me za ki yi a Funtua?"

"Yaushe ka fara tambayata inda za ni?"

Ya gane, ya kuma roƙe ta ta bari, ya ce shi ya haƙura. Ba ta ko dube shi ba, ta wuce zaure ta zauna jiran mota. A hanya masara ta yi goyo dama da hagu, manyan motocin taki suna wuce su, Inno ta ƙura wa taga ido tana jan carbi.

Raufu ya tarye su a ƙofar kotu. Ma'aikaciyar da ke karɓar rantsuwa, Malama Adama, mace ce mai natsuwa, ta ba Inno kujera ta gaishe ta har da rusunawa. Ta karanta takardar ofishin sojan, ta ɗauki biro.

"Inna, wannan da ke tsaye ɗanki ne?"

Inno ta dubi bango. "Ɗan gidanmu ne."

"Ke kika haife shi?"

"Haka aka ce."

Malama Adama ta yi ɗan murmushi, don ita ma 'yar fari ce a ɗakinsu, ta san wannan amsa. Ta ce, "To Inna, sunansa na yanka fa?"

"Sunan Malam aka mayar masa."

"Wane Malam?"

"Mahaifin mai gidan."

"Inna, ki gafarce ni. Ni na gane, wallahi na gane. Amma waɗanda za su karanta takardar nan ba su san Malam ba, ba su san mai gidan ba. Sun ce sai kin faɗi sunan da bakinki, ni kuma ba zan rubuta na ji abin da ban ji ba."

Ɗanjuma ya ga yadda hannun mahaifiyarsa ya damƙe kan sandarta, ya ga ta ja lulluɓi ta rufe rabin fuskarta kamar yarinya, sai tausayinta da kunyar kansa suka rufe shi. Shi da ya yi furfura, shi ya jawo wa wannan tsohuwa tsayuwa a gaban baƙi. Ya matsa ya kama hannunta.

"Tashi mu tafi, Inno. Malama, a bar maganar. Na yafe lambar."

"Sake ni," in ji Inno. Ta sauke lulluɓin daga fuskarta, ta juya wajen ma'aikaciyar, ba wajensa ba. "Rubuta, 'yar nan. Abdulrahman. Abdulrahman ɗan Sadiq. Ni na haife shi ranar Juma'a, shi ake ce ma Ɗanjuma."

Sunan ya fito sumul, ba gargada, kamar kalmar da baki ya saba da ita. Ɗanjuma ya dafa tebur. Malama Adama ta rubuta, sannan ta ɗago ta ce a hankali, "Sannu Inna. Na san yau ne farko."

"Wa ya ce maki farko ne? A gaban mutane dai." Inno ta gyara zama. "Sa'ad da aka kwashe su aka kai su ƙasar can, duk asuba in na ɗaga hannu da shi nake roƙo. Na san Allah Ya san abinSa, ba sai an gaya maSa ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ɗanjuma ai sun yi yawa, kowace Juma'a ana haihuwarsu, a cikin sojan ma wa ya san nawa ne. Na ce kar in yi ta addu'a tana tafiya kan ɗan wata. Sai na riƙa kiran sunan nawa sak, har ya dawo."

Raufu ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ɗanjuma, wanda bai yi kuka ba ranar da aka huda masa cinya, bai yi ba ranar da aka sa shi ɓalle lambarsa, ya durƙusa a gaban kujerar mahaifiyarsa iyakar yadda ƙafar ta yarda, hawaye na bin gemunsa. Duk rayuwarsa ya ɗauka sunan nan ba shi da mai kira.

Aka shafa wa Inno tawada a babban yatsa ta dangwala. Malama Adama ta buga hatimi, ta ce yanzu kam ba abin da ya rage, sabuwar takarda za ta fito da suna ɗaya, da Saliyo, da lambarsa a ciki. Ta miƙa wa Ɗanjuma rantsuwar, ya karɓa da hannu biyu.

Inno ta goge yatsanta a gefen zane, ta mayar da lulluɓinta, ta lalubo sandarta. Ba ta dube shi ba, kamar yadda ba ta taɓa dubansa a gaban mutane ba.

"Kai," ta ce, "tashi ka kai ni gida."