Matan da Suka Haƙa Magudanar Ruwa

Shekara shida Inna Qu Meizhen ta yi tana bin ƙauyukan gundumarsu a kan keke, tana tattara sunayen mata saba'in da uku da suka haƙa magudanar ruwan da har gobe take shayar da gonakin shinkafa. Wani sunan a bakin jika ta samo shi, wani sai da ta kankare gansakuka a jikin dutsen kabari.

Ranar da aka ƙaddamar da sabon littafin tarihin gunduma, ana ta kurɓar shayi ana tafi, ita kuwa ta buɗe shafin da ya yi maganar matan nan. Matar Tian. Matar Luo. Matar Geng ta biyu. Ko suna ɗaya ba a bari ba.

Ta miƙe, ta doshi Pang, jami'in da ya tsara littafin.

"Ɗan nan, ina sunayen da na ba ka?"

"Inna, ai haka magabata suke rubuta mata a littafin zuri'a," in ji shi, yana ɗan murmushi. "Al'ada muka bi. Ga shi kuma wuri ya yi mana kaɗan."

Inna Qu ta sake buɗe littafin. Ta lashi yatsa, ta yi ta juya shafi har ta kai babin kiwo. Ta ɗora masa littafin a ƙirji.

"Karanta mini nan, idona ya yi rauni."

Pang ya duba, murmushin ya gushe.

"Karanta mana. Aladen da ya ci gasar gunduma, Baƙin Dutse, har da hotonsa. Shi kun samar masa wuri. Matar Luo kuwa kakarka ce, sunanta Xiuying."