Man Shanun Inna Hapsatu

Tun da ruwan Agusta ya kankama a-kori-kurar Kawu Aminullahi ta fara ciwon safe. In yayana Zaharadeen ya tayar da ita bayan sallar asuba, sai injin ya kama da ƙyar, silo, wato ƙugin injin a tsaye, ya yi ƙasa, jikinta duk ya ɗauki rawa kamar mai zazzaɓi. Yana ɗage ƙafa daga totur za ta mutu. Amma da rana ta ɗaga, injin ya yi zafi, lafiya lau take zuwa rugar Yero a bayan Garaku ta kwaso madara ta dawo Keffi.

Mahfuz bakanike ya sauya hita, ya wanke nozul, ya ɗaga silo. Ba ta sauya zani ba. Daga ƙarshe ya ce shi dai a ganinsa gas ɗin ne ba shi da kyau.

Wannan maganar ce ta ƙone mu. Kawu ya zo gidanmu a Gangaren Tudu, ya zauna a gaban Mama, ya ce ya san abin da ake yi: ana sayen gurɓataccen gas a bakin hanya, ana cuta masa mota. Bai kalli Zaharadeen ba. Ya ce in Juma'a ta zo motar ba ta gyaru ba, a kai masa makullinsa. Wannan tuƙin ne kaɗai aikin da Yaya ya samu tun rasuwar Baba. Ya rantse a gidan mai yake cika jarkar da yake juyewa a tankin motar, sannan ya daina cin abinci da mu.

Ran Laraba na bi shi ruga, don ba na son ya tafi shi kaɗai da wannan fuskar. Da muka isa ya sauke jarkoki duka don a share bayan mota. Na madara farare ne. Ta gas rawaya ce, ba komai a ciki, ya ajiye ta gindin ɗorawa ya tafi wajen Yero duba wata saniya.

Inna Hapsatu, mahaifiyar Yero, ta shimfiɗa mini tabarma. Ta tambayi lafiyar Mama, ta tambayi ya ruwan damina. Tana murza bakin zaninta, can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "'Yata, ko man bai yi wa Mamanku daɗi ba ne?"

Na ce wane mai.

Ta nuna rawayar jarka da haɓa. Ashe duk zuwan Yaya takan ga an ajiye ta gefe ba a zuba mata madara, ita kuwa a gidansu ba a mayar wa mutum da mazubi wayam. Sai ta narka man shanu, ta zuba ludayi biyu ko uku ta rufe. Kyauta kuma ba a shelarta. Hancinta ya daina jin wari tun wata mura da ta kwantar da ita bara. Ta yi ta jiran ko da gaisuwa ce, ba ta zo ba.

Na ce mata ya yi daɗi ƙwarai.

A hanya na gaya wa Yaya. Ya tsayar da mota ya kifa kai a sitiyari, ya daɗe a haka.

Washegari da sassafe, kafin a tayar da injin, Mahfuz ya kwance filtar gas a ƙofar gidan Kawu. Cikinta ya toshe da wani abu fari-fari mai danƙo. Man ya yi barci cikin sanyi, gas ba ya wucewa sai kaɗan. Ni ce ya kamata in yi bayani, amma ban taɓa yi wa Kawu magana fiye da gaisuwa ba. Sai na lakato abin da yatsa, na shafa a kan murfin tukunyar shayin da ke wuta a zaure. Ya narke. Ƙamshin ya tashi ta ƙarƙashin warin gas.

"Man shanu?" in ji Kawu. "Mu'mina, wa ya yi wannan?"

Na faɗa masa, idona a ƙasa.

Ya ce a wanke tanki, a sa sabuwar filta, kada kuma wanda ya kuskura ya gaya wa tsohuwar. Ya ce Mama ta aika mata da turmin atamfa da godiya. Sannan ya ɗauki butarsa ya shige gida. Makulli na hannun Zaharadeen, ba wanda ya nema.

Da yamma motar ta tashi, silo ya zauna daram. Yaya ya tsaya yana sauraronta, hannu a aljihu. Na jira ya yi murmushi.

"Ko sannu bai ce mini ba," ya ce.

Ya ɗauki rawayar jarka ya ɗaure ta da igiya a bayan kujera, inda ba za a sake sauke ta ba.